Faɗuwar Rana a Kafanchan: Dalilin Jan Sama da Sauyin Lokacin Magariba

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirin faɗakarwa na yau zai yi bayani ne a kan faɗuwar rana: abin da ke sa sama ta yi ja da yamma, da kuma dalilin da ya sa lokacin magariba ba ya tsayawa wuri ɗaya, yakan matso gaba a wasu watanni, ya ja baya a wasu. A Kafanchan, da ke kudancin Jihar Kaduna, rana takan faɗi da misalin ƙarfe 6:02 a tsakiyar watan Nuwamba, amma a tsakiyar watan Yuli sai ta kai wajen ƙarfe 6:52, wato tazarar kimanin minti 50 ke nan, kuma wannan tazara tana da dalilai sanannu waɗanda ake iya lissafa su daki-daki, shekaru da yawa kafin ranar ta zo.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne cewa abin da ake kira faɗuwar rana motsin duniya ne. Duniya dunƙulalliya ce, tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana cin digiri 15 a kowace awa, digiri kuwa shi ne kashi ɗaya daga cikin 360 na cikakkiyar da'ira. Idan wannan juyi ya kawar da gari daga ɓangaren da ke fuskantar rana, sai mazauna garin su ga rana tana gangarawa zuwa bakin sama, wato layin da ido ke ganin sama ta haɗu da ƙasa, har ta ɓuya. A daidai wannan lokaci hantsi ne ko tsakar rana a wasu ƙasashen da ke can yamma.

Akwai wani abin mamaki a wannan ɗan taƙaitaccen lokaci. Iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa hasken da ya ratsa ta a karkace, kuma a bakin sama lanƙwasar takan ɗaga hoton rana sama da fiye da rabin digiri kaɗan, alhali faɗin ƙwayar rana kanta a ido kimanin rabin digiri ne. Ma'anar wannan ita ce, sa'ad da mai kallo ya ga ƙasan rana ya taɓa bakin sama, ita ranar a haƙiƙa ta riga ta nutse gaba ɗayanta, hotonta ne iska ta ɗago. Wannan lanƙwasa, tare da faɗin ƙwayar rana, ita ke ƙara wa yinin Kafanchan kimanin minti 7 a kowace rana, kuma ita ke sa rana ta yi kamar an ɗan danne ta daga sama gab da faɗuwarta, domin gefenta na ƙasa ya fi na sama ɗaguwa.

Game da launi kuwa, hasken rana da ake gani fari haɗakar launuka ne, waɗanda bakan gizo ke bayyanawa bayan ruwan sama, daga ja zuwa ruwan goro da rawaya da kore da shuɗi har zuwa shunayya. Haske yana tafiya ne a siffar igiyoyi masu kaɗawa, kuma kowane launi da tsawon igiyarsa: ja ne mai doguwar igiya, shuɗi kuwa gajeriya gare shi. A shekarar 1871 wani masani ɗan Ingila, wanda aka fi sani da Lord Rayleigh, ya bayyana cewa ƙananan ƙwayoyin da ke cikin iska sun fi warwatsa haske mai gajeriyar igiya, har shuɗi yakan warwatsu wajen ninki biyar na yadda ja ke warwatsuwa. Shi ya sa da tsakar rana sama take shuɗiya ta kowace kusurwa. Da yamma kuwa, hasken yana zuwa ne a kwance, yana ratsa iskar da ta kai kusan ninki 38 na wadda yake ratsawa idan rana tana tsakiyar ka, saboda haka shuɗin yakan zube a hanya, ja da ruwan goro su ne suke isowa ido, su kuma rina cikin gizagizai.

Mazauna wannan yanki sun san cewa yammacin damina daban yake da na hunturu, kuma ilimi ya bayyana dalili. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba ruwan sama yakan wanke ƙurar da ke cikin iska, don haka idan hadari ya wuce da la'asar, aka sami sarari a yamma, ranar da ta sauka ƙasa takan haska gizagizai daga ƙarƙashinsu, su yi ja wur, duwatsun Kagoro da ke gabas su ɗauki wannan jan haske a fuskarsu. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa, iskar arewa maso gabas takan ɗebo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, wanda tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, ta baza ta a kan Afirka ta Yamma. Ƙwayoyin wannan ƙura sun fi ƙwayoyin iska girma nesa ba kusa ba, kuma manyan ƙwayoyi ba sa bambanta launi sosai, suna warwatsa dukkan launuka kusan bai ɗaya. Saboda haka a ranar da hazo ya yi kauri, masu shanyar citta a Kwoi ko Kachia za su ga rana ta dusashe tun la'asar sakaliya, ta zama farar da'ira marar zafi, sama ta yi toka-toka, sannan ranar ta ɓace a cikin hazo tun tana da sauran tafiya kafin ta kai bakin sama. Wannan ɓacewa ba ita ce faɗuwar rana ba, kuma sanin haka yana da muhimmanci ga mai azumi da mai kiran salla. A tarihi ma an ga yadda abin da ke cikin iska ke sauya launin yamma a duniya baki ɗaya, domin bayan aman wutar dutsen Karakatawa na Indunusiya a 1883, da na dutsen Pinatubo na Filifin a 1991, an yi watanni ana ganin jan magariba mai tsanani a nahiyoyi daban-daban.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Sai kuma babbar tambaya, wato dalilin sauyin lokaci. Dalilai uku ne suke haɗuwa, kuma na farkonsu shi ne karkatar duniya. Duniya, bayan juyin da take yi a kullum, tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, amma ba a miƙe take ba, ta kishingiɗa da kimanin digiri 23 da rabi. Malamin makaranta zai iya nuna wa ɗalibai wannan da lemo guda wanda aka soke da tsinke daga sama zuwa ƙasa, a karkata tsinken, a kewaya fitila da shi a ɗaki mai duhu ba tare da an sauya inda kan tsinken ya fuskanta ba. Za a ga cewa a wani gefen fitilar saman lemon ne ya fi samun haske, a ɗaya gefen kuwa ƙasansa. Haka rabin duniya na arewa, inda Najeriya take, yakan karkata wajen rana a watan Yuni, yini ya yi tsawo, ya kuma kauce mata a watan Disamba, yini ya gajarce.

Girman wannan bambanci ya danganta da nisan gari daga ikwaita, wato layin da masana suka ƙaddara ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Kafanchan tana kimanin digiri 9 da rabi arewa da wannan layi, saboda haka yininta mafi tsawo, wajen 21 ga Yuni, kimanin awa 12 ne da minti 41, mafi gajarta kuwa, wajen 21 ga Disamba, kimanin awa 11 da minti 34. A Kano, wadda ke digiri 12, bambancin ya ɗan fi haka, domin yini yakan kai wajen awa 12 da minti 50 ya kuma sauka zuwa awa 11 da minti 25. A Landan kuwa yinin Yuni ya haura awa 16 da rabi, na Disamba bai cika awa 8 ba, sannan a garin Tromso na arewacin Norway akan yi kimanin wata biyu rana ba ta faɗi ba sam. Karkatar nan ce kuma ke sa mafaɗar rana ta riƙa matsawa: a Kafanchan tana faɗuwa kimanin digiri 24 arewa da tsakiyar yamma a watan Yuni, da kimanin digiri 24 kudu da ita a watan Disamba, ba ta faɗuwa a yamma sak sai wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. Sau biyu a shekara, a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana takan bi ta tsakiyar ka daidai, har inuwar sandar da aka kafa a miƙe ta ɓace a ƙarƙashinta da tsakar rana.

Da karkata ce kaɗai dalili, da ranar da yini ya fi gajarta ita ce ranar da magariba ta fi saurin yi. Amma ba haka abin yake ba, domin a Kafanchan magariba mafi sauri tana zuwa ne a tsakiyar Nuwamba, fiye da wata guda kafin yini mafi gajarta, kuma kafin Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu, faɗuwar rana ta riga ta jinkirta da minti 10 ko fiye. Wannan shi ke kai bayani ga dalili na biyu, wato saɓanin da ke tsakanin agogon hannu da tafiyar rana.

Agogo yana ƙidaya awa 24 cif a kowace rana, amma tsakanin zawali da zawali, wato daga lokacin da rana ta kai ƙololuwarta yau zuwa lokacin da za ta kai gobe, ba kullum ne yake cika awa 24 daidai ba. Duniya tana gama juyi guda a cikin awa 23 da minti 56, sai dai tun da ta matsa gaba a kan hanyarta ta kewaya rana, dole ta ƙara juyawa kimanin digiri ɗaya, wato minti 4, kafin ta sake fuskantar ranar. Wannan ƙari ba ɗaya yake ba a duk shekara. Johannes Kepler, masanin taurari Bajamushe, ya nuna a 1609 cewa hanyar da duniyoyi ke bi wajen kewaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce, ta ɗan miƙe ta gefe guda, kuma gudunsu yana ƙaruwa idan sun kusanci rana. Duniya takan kusanci rana zuwa kimanin kilomita miliyan 147 a farkon Janairu, ta nisanta zuwa kimanin miliyan 152 a farkon Yuli, saboda haka a lokacin hunturu ne ta fi sauri, ƙarin juyin da take buƙata ya fi yawa. Karkatar duniya ita ma tana da nata tasirin a kan wannan lissafi, har ma ya ɗan fi na gudun. Idan aka haɗa su biyun, yinin rana yakan zarce awa 24 da kimanin daƙiƙa 30 a ƙarshen Disamba, ya kuma gaza da kimanin daƙiƙa 20 a watan Satumba, kuma waɗannan daƙiƙoƙi suna taruwa kullum har su zama mintoci: a farkon Nuwamba rana tana gaban agogo da minti 16, a tsakiyar Fabrairu tana bayansa da minti 14.

Sakamakon wannan a Kafanchan shi ne zawali yakan kasance wajen ƙarfe 12:10 a farkon Nuwamba, ya koma wajen 12:41 a tsakiyar Fabrairu, kuma duk sa'ad da zawali ya matsa, fitowar rana da faɗuwarta sukan matsa tare da shi. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa 21 ga Disamba gajarcewar yini tana rage wa yamma kimanin minti 4 ne kawai, alhali jinkirin zawali yana ƙara mata kusan minti 14, don haka ƙarin ya rinjayi ragin, magariba ta fara jinkirta tun yini bai gama gajarcewa ba. Haka nan daga farkon Maris zuwa ƙarshen Afrilu dalilan biyu suna ja wa juna birki, yini yana ƙara tsawo amma zawali yana matsowa da wuri, sai faɗuwar rana ta tsaya kusa da 6:37 kusan wata biyu. Daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba kuwa dalilan sukan haɗa kai, yamma ta yi asarar fiye da rabin awa a cikin wata biyu, kuma wannan ne ya sa manomi yake ganin duhu yana riskarsa a gona da wuri da zarar kaka ta ƙarato.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Dalili na uku shi ne matsayin gari tsakanin gabas da yamma. A zamanin da, kowane gari da rana yake auna lokacinsa, da hantsi da azahar da la'asar da almuru, amma zuwan jirgin ƙasa da wayar tangaraho ya tilasta a sami agogo guda wanda tashoshi duka za su bi. A taron da aka yi a Washington a 1884 aka zaɓi layin Girinwic na Ingila ya zama mafarin awo, kuma tun 1919 Najeriya take bin lokacin da ya ɗara na Girinwic da awa ɗaya. Kafanchan, wadda ta zama mahaɗar layukan dogo a 1927 sa'ad da aka buɗe reshen da ya nufi Jos, tana cikin garuruwan da rayuwarsu ta ɗoru a kan wannan agogo. Sai dai lokacin an ɗaure shi ne da layin digiri 15 gabas da Girinwic, wanda ya bi ta kusa da Njamena, wato gabas da iyakar Najeriya baki ɗaya, ita kuwa Kafanchan tana wajen digiri 8 da sulusi, kuma tun da kowane digiri minti 4 ne, rana tana isowa kanta kimanin minti 27 bayan ta wuce wancan layi. Ta wannan lissafi, rana tana riga faɗuwa a Maiduguri da kimanin minti 20, tana kuma jinkirta a Legas da kusan haka, ko da yake agogon garuruwan uku ɗaya ne. Kano da Kafanchan kusan a layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, amma duk da haka a watan Yuni ranar Kano takan jinkirta faɗuwa da kimanin minti 3, a Disamba kuwa takan riga ta Kafanchan da kimanin minti 5.

Tudu da kwari ma suna da nasu rabon. Wanda yake kan dutse yana hango bakin sama mai nisa, don haka rana takan jinkirta masa, wanda kuma yake gindin dutsen da ya tare masa yamma zai ga rana ta ɓuya tun kafin ainihin faɗuwarta. A Dubai malamai sun ba da fatawa a 2011 cewa mazauna saman benen Burj Khalifa su jinkirta buɗa baki da minti 2 zuwa 3, gwargwadon hawan da suke. Bayan faɗuwar rana kuma sai shafaƙi, wato sauran hasken da saman iska ke ci gaba da samu daga ranar da ta riga ta ɓuya wa mutanen ƙasa. A ƙasashen da ke kusa da ikwaita rana tana sauka ne kusan a miƙe, saboda haka hasken da za a iya aiki da shi a waje ba ya wuce minti 21 zuwa 23, cikakken duhu kuwa yakan kankama bayan awa ɗaya da 'yan mintoci. A cikin wannan tsakani ne ake ganin tauraruwar Zara tana ƙyalli a yamma a watannin da take bin bayan rana. Malaman Musulunci sun daɗe da ba wannan fanni muhimmanci a ƙarƙashin ilimin miƙati, wato ilimin tantance lokutan salla: Ibn Yunus, wanda ya rasu a Masar a 1009, ya tsara jadawaloli na lokaci bisa tsayin rana, sannan Ibn Mu'az na Andalus, a ƙarni na 11, ya yi amfani da tsawon shafaƙi wajen ƙiyasta tsayin iskar da ke kewaye da duniya.

Amfanin wannan sani a rayuwar yau da kullum a bayyane yake. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11, don haka Ramadan yana kewaya dukkan yanayi a cikin kimanin shekara 33: a 2016 ya faɗo a watan Yuni, a 2025 a watan Maris, kuma kowanne da lokacin shan ruwansa. Jadawalin da aka buga domin Kano ko Maiduguri ko Legas bai dace da Kafanchan ba, kamar yadda jadawalin azumin bara bai dace da na bana ba, kuma wajibi ne kwamitocin masallatai su tabbata cewa wanda suke rarrabawa an lissafa shi ne bisa matsayin garinsu. Majami'u masu taron addu'ar yamma, da shugabannin makarantun da ɗalibansu ke takawa zuwa ƙauyuka, da direbobi da 'yan kasuwa masu komawa gida daga kasuwannin mako, duka suna da buƙatar sanin cewa daga Oktoba zuwa Disamba duhu yana fara rufawa tun kafin ƙarfe 6:40. Tsirrai ma suna bin wannan ma'auni, domin binciken aikin gona a Najeriya ya nuna cewa dawar gargajiya tana jiran yini ya fara gajarcewa kafin ta fid da kai, abin da ke sa ta nuna bayan ɗaukewar ruwa.

Gani ya kori ji, kuma duk abin da aka bayyana a wannan shiri abu ne da ɗalibi zai iya tabbatarwa da kansa ba tare da wata na'ura ba. Abin da ake buƙata shi ne wuri guda da ake tsayawa, mai buɗaɗɗen sarari ta yamma, da agogo mai daidaito, da littafin rubutu. Sau ɗaya a mako a rubuta lokacin da gefen rana na sama ya ɓace, a kuma zana bishiya ko gini ko tudun da ta faɗi a bayansa, tare da kiyaye cewa ba a ƙura wa rana ido muddin tana da ƙarfi, domin haskenta yana lahanta gani. Makarantun sakandare na yankin, da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, za su iya ɗaukar wannan aiki tsawon shekara guda, su kwatanta abin da suka samu da alƙaluman da aka ambata a nan, kuma a ƙarshe za su mallaki jadawalin faɗuwar rana na garinsu wanda masallaci da majami'a da manomi za su amfana da shi.

A nan shirin na yau ya kammala.

(Kiɗan rufe shiri)